Ƙugiyar da Ta Tsare Gida

Yau Talata. Na tashi da sauƙi, ban da gwiwar hagu da ta daina jin maganata, da tarin nan da ya zama abokin kwana.

Zuwa ga ɗana, mai sunan mahaifina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran duka. Yaya aiki, yaya hidimar gida? Ka gaishe mini da ƙaramar, ka ce mata kakanta yana nan bai mutu ba tukuna, kada ta yi saurin neman wani mijin.

Takardar da ka aiko ta iso, har da alamar da ka yi da fensir a inda zan sa hannu. Ka kyauta, ka tuna da idona. Amma ban sa ba. Na ga gara in ba ka amsa a rubuce, domin a waya kana sauri kamar ana korarka, ni kuma kunnena ya tsufa, sai in yi ta cewa to, to, ban san abin da na amsa ba.

Ka ce ginin maɗaba'a ya zama mini kaya, kamfanin nan mai ofisoshin haya a kowane babban gari ya yi tayi mai kyau, in sayar masa in dawo ɗakin da ka gyara mini. Ban ce ka yi ƙarya ba. Sai dai ba ka zo ka ga abin da 'yar marigayiya yayarka take yi a cikinsa ba, don haka bari in gaya maka yadda na fahimce shi.

Ta share zauren da injina suke, ta jera tebura sama da ƙasa. Mutum zai zo da kwamfutarsa a jaka, ya biya kuɗin yini ko na wata, a ba shi tebur da kujera da wuta da intanet, da shayi in yana so. Ba ma'aikatanta ba ne, ba kuma ma'aikatan juna ba. Akwai mai zanen gidaje, akwai akanta, akwai wata mai fassara, da wani lauya da bai samu kuɗin kama ofis ba tukuna, da samari biyu da har yau ban gane sana'arsu ba, sun dai ce suna gina wani abu a cikin waya. A zamaninmu wanda ba shi da ofis ba shi da aiki. Yanzu ofis ake haya kamar keke.

Ni Manaja nake kiranta, ita kuma tana ce mini ango, wai ta gaje ni daga kakarta. Ta ce wannan sana'a ta bazu a ƙasar nan kamar ciyawar damina, kowane layi ka shiga sai ka ga an buɗe ɗaya. Amma in an buɗe biyu sai an rufe ɗaya, saboda janareta ba ya jin rarrashi, man da yake sha shi ke cinye riba. Ta kuma ce masu zaman yini kamar tsuntsaye ne, yau suna nan gobe suna can. Masu zaman wata ne ke riƙe gida, su ne kuma ba ta da su da yawa.

Ga shi kamfanin da kake so in sayar wa ya buɗe reshe a ƙarshen layinmu. Gilashi ne daga sama har ƙasa, da sanyin na'ura, da lif mai kai mutum saman bene, sun kuma karya farashi don su kwashe mutane. Sun kwashe. Teburan da ke kusa da taga, waɗanda da ake rububi a kansu, yanzu ƙura ce ke haya a wurin, ba ta biyan ko sisi.

Ga abin da na yanke, na kuma gaya mata a gaban idonta. Zan jira zuwa ƙarshen shekara. In wurin ya ci da kansa, wato ya biya mai da intanet da mai gadi ba tare da ta taɓa aljihunta ko naka ba, gini yana nan. In ya kasa, zan sa hannu a inda ka yi alama, in tattara 'yan kayana in zo. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce ango ya fara neman hanyar sakinta.

Kullum ina fitowa daga ɗakina na baya in zauna a lungun da ƙaramin injin hannu yake, wanda muka kasa ɗagawa. Ba mai gaishe ni. Ba rashin kunya ba ne, kowa ya toshe kunnensa da abin sauraro, idonsa a kan allo. Da can a zauren nan ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar injina, amma ban taɓa zama ni kaɗai ba kamar yanzu da yake cike da mutane shiru.

Ka huta lafiya. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.


Yau Asabar. Zazzaɓi ya kwantar da ni tun farkon mako, yau ne na fara iya riƙe alƙalami. In ka ga layina ya karkace, hannu ne, ba hankali ba.

Zuwa ga ɗana, mai sunan mahaifina.

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyalinka, da fatan kowa yana lafiya. Maganin da ka turo ya iso, na gode. Kada ka ɗaga hankalinka, zazzaɓin ya sauka. Abin da bai sauka ba shi ne kunyar da zan gaya maka.

Rigima ta tashi tsakanin mutanen Manaja. Masu amsa waya duk yini sun dami masu son shiru, har mai zanen gidaje ya ce in ba a raba su ba zai koma gidan gilashi. Sai ta raba: sama na masu shiru, ƙasa na masu surutu. Ta nemi a buga mata allon sanarwa, aka gaya mata farashin da ya sa ta riƙe baki. Na ce mata abin kunya ne a ce jikar mai maɗaba'a tana yawon neman mai buga mata layi biyu. Na sa aka jawo mini akwatin manyan haruffan katako daga ƙarƙashin bene, na kaɗe su, na jiƙa tawada.

Abin da ta rubuta mini shi ne: ƊAKIN SAMA, BA A YIN ƘARA. ƊAKIN ƘASA, ANA YIN ƘARA.

Da na buɗe gurbin harafin Ƙ, sai na tarar gara ta riga ni. Guda ɗaya tak ya rage mai lafiya, alhali uku nake bukata. Na tsaya na yi shawara da kaina. In na hana wa ƙasa ƙugiyarta, za a karanta ɗakin kasa, ni kuwa ba zan rataya wa jikata kalmar kasawa a bakin ƙofa ba a irin wannan shekara. Sai na ba ƙasa ƙugiyar, sauran biyun na sa musu K, da niyyar in tawada ta bushe in ɗora musu ƙugiya da bakin alƙalami. Haka muke yi a da duk lokacin da haruffa suka gaza, kuma ba wanda ya taɓa kama mu. Kai ma ka sha riƙe mini kwalbar tawada kana yaro, ko da yake na san ka manta.

Na shanya allon, na tafi in ɗan kishingiɗa. Zazzaɓi ya ce bismillah. Manaja ta ga allo ya bushe, ya yi kyau, ta ɗauka ta kafe shi da ƙusa a gindin bene.

Kwana nawa ina kwance, mutane suna shiga suna fita ƙarƙashin allon da ke cewa a sama ba a yin kara, a ƙasa ana yin kara. Yaran yanzu sun saba rubutu a waya ba ƙugiya, da ba wanda zai lura. Amma mai fassarar nan da haruffa take cin abinci. Ta ga Ɗ yana da tasa, ƙasa tana da tata, sai ta ce lalle wannan da gangan ne, ta karanta wa zaure da ƙarfi. An ce mini an yi dariya har akanta ya ƙware da shayi. Lauya kuwa ya tattara takardunsa ya haye sama, yana cewa ya gode Allah da kuskuren, domin in da gaske ba a ƙara a sama da yunwa ta kashe shi, amma wurin da ba a kara ya dace da sana'arsa.

Ka san ni da aikina. Tsawon shekarun da na yi ina buga wa mutane littafi da katin gayyata, ba a taɓa dawo mini da aiki saboda harafi ba. Ga shi a aikin da wataƙila shi ne na ƙarshe na zama abin dariyar jikoki. Yau da na fito da sandata na ce ta cire shi in gyara, ta ƙi. Wai mutane suna ɗaukar hotonsa suna tura wa abokansu, kuma tun da ta buɗe wurin ba ta taɓa jin an yi dariya tare a cikinsa ba sai ranar. Na ce mata dariya ba ta sayen mai. Ta ce ango ya koma ya kwanta.

Ka gaishe da kowa.

Ni ne mahaifinka.


Yau Laraba. Jiki ya yi kyau ƙwarai, har na hau bene da ƙafata na sauko, ko da yake gwiwa ta kai ƙarata daga baya.

Zuwa ga ɗana, mai sunan mahaifina.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ji shiru daga wajenka, ina fata aiki ne ya yi yawa. Ni ma na daɗe ban rubuto ba, don ban so in yi maka albishir da abin da bai nuna ba.

Wasa ya zama gaske. Ga yadda ya fara. Idan aka ɗauke wuta, janaretanmu ba ya iya ɗaukar duk soket, sai na bango ɗaya. Da, in haka ta faru, kowa rige-rige yake yi. Ran nan aka ɗauke, kwamfutar mai fassara tana shirin mutuwa, ga aikin da za ta miƙa kafin azahar. Akanta ya zare cajarsa ya miƙa mata soket, ya nuna allo da haɓa, ya ce ai an rubuta. Shi ke nan. Tun daga ranar duk wanda ya yi rowar wani abu a ƙasa sai ka ji an ce masa, malam, hau sama. Ba wanda yake so a ce masa haka a gaban mata.

Akanta ya duba wa wata mai sayar da kaya ta waya takardun harajinta, ita kuma ta kawo masa 'yan kasuwa uku masu irin matsalarta, waɗanda suka biya shi. Mai zanen gidaje ya samu aiki ta hannun wani da suka yi wata da watanni suna zama kafaɗa da kafaɗa ba su san sunan juna ba. Samarin nan biyu sun gyara wa Manaja hanyar karɓar kuɗi ta waya. Har lauya yakan leƙo daga bene ya ba da shawara kyauta, sa'an nan ya roƙi kada a gaya wa kowa, kada sunansa ya ɓaci.

Manaja ta gane abin da ni ban gane ba. Ta ce kara ba ta da amfani ga wanda zai zo yau ya ɓace gobe, sai mai zama. Wanda ya yi maka alheri kana so ka same shi gobe, wanda ka yi wa kuma kana so ya same ka. Sai ga masu zaman yini suna komawa zaman wata ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta rage musu farashi ba. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi gidan gilashi sun dawo. Ɗayansu ya ce mini sanyin can yana da daɗi, amma mutum zai iya mutuwa a kan teburinsa sai mai shara ce za ta fara sani.

Kada ka ɗauka duk zuma ce. Akwai wanda ya zo ya ci karar kowa, aka yi masa zane, aka yi masa fassara, aka duba masa yarjejeniya, ran da aka nemi ya ara wa wani cajarsa ya ce ta lalace, washegari ya ɓace. Ruwan sama ya katse intanet yini guda, Manaja ta bi kowa tana ba da haƙuri. Man janareta ya sake tashi. Wata mata mai irin wannan wuri a layin bayanmu ta rufe nata, ta zo tana tallar kujerunta. Na ga idon Manaja lokacin da take taya su, ba ta matsa mata ba, ta san da ƙyar ne ba ita ce ke tallar ba. Yanzu matar tana da tebur a wurinmu, tana koyar da yara lissafi ta kwamfuta.

Babban abin shi ne na mai sola. Wani mai sana'ar kafa farantan hasken rana ne da ke zama kusa da ƙofa. Ya gaji da jin janareta yana tari kamar ni, sai ya ce zai kafa mana farantai a kan rufi, a bar masa teburinsa da ɗan wurin ajiye kaya a madadin ladan aikinsa. Sun yi yarjejeniya, lauya ya rubuta, wannan karon ma bai karɓi komai ba. Yanzu sai a wuni ba a tayar da janareta ba.

Ni kuma na samu suna. Baba Ƙugiya suke ce mini. Duk wanda ya shigo sai ya zare abin kunnensa ya gaishe ni kafin ya wuce, baƙi kuma akan kawo su a nuna musu wanda ya buga allon. Na daina cewa kuskure ne, na kuma ƙi cewa da gangan ne. In an tambaye ni sai in yi tari. Shayi har ya yi mini yawa, kowa so yake ya zama shi ya kawo. Mai fassara ta ce za ta ƙwace ni daga hannun Manaja, Manaja ta ce ta ɗauka har da gwiwar.

Ina so ka zo ka gani da idonka. Takarda ba ta ɗaukar hayaniya.

Ni ne mahaifinka.


Yau Juma'a. Lafiya lau, tari ya yi tafiya, Allah ya sa ya ɓata hanyar dawowa.

Zuwa ga ɗana, mai sunan mahaifina.

Ina gaishe ka da gaisuwar farin ciki, kai da mai ɗakinka da yara. Saƙonka ya iso ta bakin Manaja cewa gobe kana tafe. Tun da na ji na sa aka wanke mini babbar rigata.

Shekara ta ƙare, ga kuma amsar da na yi maka alkawari. Manaja ta zo ɗakina da safe ta zauna a bakin gado, ta ce, “Ango, gida ya ci da kansa, har ya rage.” Ban tambaye ta nawa ba, na ga fuskarta. Akanta ya duba ya tabbatar. Ba tebur ko ɗaya da ba shi da mai shi, sama da ƙasa, akwai kuma masu jiran wani ya tashi. Shi ya sa ta gyara tsohon ɗakin ajiye takarda, ta zuba kujerun da ta saya a hannun matar nan da ta rufe nata, gobe za a buɗe shi. A bakin mutane wurin ya daina amsa sunan da ta raɗa masa, Gidan Kara kowa ke cewa, har masu kawo saƙo.

Bari in ba ka dariya. Wakilin kamfanin da ka so in sayar wa ya zo da kansa, yaro mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni. Ya sha shayinmu, ya daɗe yana kallon allo. Ya ce a sauran garuruwa suna samun ciniki, reshen layinmu ne kawai ya ƙi cika. Bayan kwanaki sai ga mai sola da hoto a wayarsa. Sun buga irin allonmu a bakin lif ɗinsu, da haruffan zinariya. Amma wanda ya buga musu mai kula ne da aikinsa, ya ga babu ƙugiya, ya gyara musu. Yanzu a gidan gilashi an rubuta cewa ana yin ƙara. Lauya ya ce zai kai musu katinsa. Ni ban yi dariya sosai ba, domin da ni aka kawo wa aikin, abin da zan yi ke nan.

Takardar sayarwa da ka aiko tana nan, amma ta ɗan canza kama. Manaja ta ce in buga wa sabon ɗaki nasa allon, na rasa takardar gwajin tawada, ita kuwa mai kauri ce, bayanta fari tas. Za ka ga gwajin ya fito da kyau. Alamar fensirinka tana ɗaya gefen, ban taɓa ta ba. Na san don ni ka yi, kana tsoron in faɗi a ɗakin baya ba wanda ya sani. Yanzu in na makara da fitowa, kafin in gama neman takalmi an ƙwanƙwasa mini ƙofa sau biyu. Ka bar ɗakin da ka gyara mini ga ƙaramar, ta yi karatu a ciki.

Na sa an ajiye maka kujera kusa da tawa, a gefen injin hannu, daga inda ake ganin zaure duka. Zan ba ka wannan wasiƙa hannu da hannu, ka karanta a hanyar komawa.

Ni ne mahaifinka, wanda ake kira Baba Ƙugiya.

Asabar da yamma. An buɗe ɗakin, an cika har bakin titi, an sa ni na yanke zare. Na ɗora hulata a kan kujerarka tun safe don kada a zauna, duk motar da ta tsaya sai na ɗaga kai. Da la'asar wata yarinya ta shigo da kwamfuta a jaka, ta duba ko'ina ba wurin zama, ta juya za ta fita. Ina ƙarƙashin allon da na buga da hannuna. Na ɗauke hular.

Ba ka zo ba. Zan ba mai kai saƙo wasiƙar ranar Litinin.